Yadda Za Ka Raba Ƙaramar Kwamfutarka da Zafi a Bazarar Gusau

Daga watan Maris zuwa Mayu, teburin mai gyaran kwamfuta a Gusau ba ya rabuwa da ƙananan kwamfutoci masu ciwo iri ɗaya. Mai ita zai ce da safe lafiya lau take aiki, amma da rana ta take sai ta fara nauyi, fanka ta riƙa kuka, wani lokaci ta ɗauke ɗif ana tsakiyar aiki. Galibi samari ne suka haɗa su da hannunsu: ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau mai zane-zane, mai tace bidiyon biki a Tudun Wada, mai shagon buga takardu da cike fom ta intanet a Tsafe ko Bungudu. Sun zaɓi ƙaramin akwati don ba ya cin wuri, ga sauƙin ɗauka. Kayan ba su da laifi, haɗin ma ya yi kyau, sai dai ba a bar wa zafi hanyar fita ba. Kurakuran da ake yi ba su da yawa, amma kullum su ake maimaitawa, kuma ina jin takaicin ganin yaro ya tara kuɗinsa da ƙyar ya sayi kaya masu kyau, sannan zafi ya cinye su a banza.

Kusan duk wutar da kwamfuta ta ja, zafi take komawa. Wanda ya taɓa kai hannu kan tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 bayan ya daɗe a kunne ya san ba ya riƙuwa. To furosesa mai wat 65 irin wannan zafin take fitarwa, kuma daga wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Zafin nan sai ya bi ta cikin man da aka shafa, ya shiga hitsink, wato ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke zaune a kanta, iska ta kwashe shi daga ƙarfen, ta fitar da shi daga akwati, sannan ya bar ɗakin. Duk inda hanyar ta toshe, a nan zafin zai taru ya koma baya.

Akwai kuma abin da masu kallon bidiyon Turawa ba sa lura da shi. Fanka ba ta iya sanyaya ƙarfe fiye da sanyin iskar da take hurawa. Masu gwada kaya a Turai da Amurka a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 suke gwajinsu. Mu kuwa a watan Afrilu zafin waje kan kai digiri 40 har ya wuce, shagon da aka rufa da kwano ba silin kuma ya fi waje zafi. Hitsink ɗin da ya riƙe furosesa a digiri 75 a ɗaki mai digiri 22, idan ka kawo shi ɗaki mai digiri 40, sai ka ga ta haura 90. Yawancin furosesar Intel da ta kusanci 100 take rage gudu don ta ceci kanta, ta AMD kuma tsakanin 90 da 95, gwargwadon samfurin. Wannan rage gudun shi ne nauyin da mai kwamfuta ke kuka da shi.

Kayan da za ka tanada

Sukudireba mai bakin kuros, doguwa ta fi, don ƙaramin akwati ba ya barin hannu ya shiga. Buroshin fenti sabo mai laushi. Bulowa ta lantarki ko ta hannu. Man furosesa na gaske, irin Arctic MX-4 ko makamancinsa. Jabu ya yi yawa a kasuwa, saboda haka ka saya a wurin wanda ka amince da shi, ko da sai ka yi saƙo Kano. Sifirit na kemis, in ka samu isofurofil ya fi. Tsumma mai tsabta marar zare-zare. Rula ko awon tela. Robobin ɗaure waya. Raga ta roba da za a tace ƙura. Sai manhaja biyu, duk kyauta ne: HWiNFO ko Core Temp don ganin zafi, da Cinebench don ɗora wa furosesa aiki.

Mataki na 1: Auna kafin ka kwance komai

Wanda bai auna ba, ba zai san ko gyaransa ya yi amfani ba. Ka yi awon da rana tsaka, lokacin da kwamfutar ta saba ba ka matsala, domin awon asuba yaudara ne. Kunna ta, ka bar ta minti goma ba aiki, ka rubuta zafin furosesa. Sannan ka kunna Cinebench na minti goma, ka rubuta mafi girman lambar da ta nuna.

Yanzu cire murfin gefe ka maimaita. Wannan ɗan gwajin zai hutar da kai daga kashe kuɗi a inda bai dace ba. In zafin ya sauka sosai, kamar digiri 8 zuwa 10 ko fiye, matsalar ta akwati ce, iska ba ta shiga ba ta fita. In kuwa bai motsa ba, ko kuma da ka ɗora aiki cikin 'yan daƙiƙoƙi ya yi tsalle zuwa 95, to laifin yana tsakanin furosesa da hitsink: ko mai ya bushe, ko ƙarfen bai zauna daidai ba, ko ya yi mata ƙanƙanta.

Mataki na 2: Raba ta da wuta, ka raba jikinka da tartsatsi

Kashe ta, zare wayar daga bango, sannan ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita. Kashe soket kawai bai isa ba, musamman inda aka haɗa da UPS ko inbata. A lokacin hunturu iska kan bushe ƙwarai, shi ya sa za ka ji "tas" idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi. Tartsatsin da bai kai ka ji shi ba ma yana iya kashe ram ko madabod. Kada ka yi aiki a kan kafet ko bargo, kuma ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu kan kaya.

Fawa-fak kuwa kada ka buɗe shi, ko da ka ga ƙura ta cika shi. Akwai abubuwa a cikinsa da ke riƙe wuta mai kisa bayan an zare waya. Ta waje ake hura shi.

Mataki na 3: Kakkaɓe ƙura

Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta fi gari laushi, babu ƙofar da ba ta shiga. Wanda shagonsa ke bakin titin Funtuwa a Tsafe, ko bakin hanyar Sakkwato a Bungudu, yana da ƙarin ta manyan motoci duk shekara. Takan kwanta tsakanin fanka da haƙarƙarin hitsink ta yi tabarma, fanka na juyawa amma iska ba ta ratsawa. Idan damina ta shigo laima ta same ta, sai ta daskare, ta fara cin ƙarfe.

Fitar da kwamfutar waje, ka sa takunkumi. Fara sassauta ƙurar da buroshi, sannan ka hura daga ciki zuwa waje. Ka danne kowace fanka da yatsa ko tsinke yayin da kake hurawa, domin bulowa na juya ta fiye da ƙarfinta, ta lalata mata gindi, har ma ta iya tura wuta baya zuwa madabod. Kada ka kai ta wurin mai faci. Iskar injinsa ta yi ƙarfi, kuma sau da yawa da ruwa da mai take fitowa. Ka leƙa kusurwoyi da bayan madabod, don kyankyaso da tsaka suna son wurin ɗumi, zanzaro ma kan yi gini a ramukan iska idan kwamfuta ta daɗe a ajiye.

Mataki na 4: Duba ko hitsink ɗin ya dace da aikin

Abu uku za ka duba. Na farko tsawo. Allon Mini-ITX santimita 17 ne tsawo da faɗi, akwatunan da ake yi masa kuma wasu ba sa ɗaukar hitsink da ya wuce milimita 40 ko 50 ko 70. Ka sa rula ka auna daga saman furosesa zuwa inda murfi ke zama kafin ka sayi komai. Noctua NH-L9i milimita 37 ne, Thermalright AXP90-X47 milimita 47, Noctua NH-L12S kuma 70. Ka ɗauki mafi girman da akwatinka zai iya rufuwa a kansa, amma ka bar 'yar rata tsakanin fanka da murfi.

Na biyu, ƙarfin furosesa. Kada lambar da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Core i5-12400 an rubuta mata wat 65, amma idan aiki ya yi nauyi takan ja har 117. Furosesar AMD da aka rubuta wa 65 takan kai 88. Siririn hitsink mai milimita 37 zai iya da ƙaramar furosesa, amma ɗora shi a kan babbar i7 ko i9 a zafinmu zalunci ne ga kayan. Na uku, mazaunin furosesa. Ramukan LGA1700 na Intel sun fi na LGA1200 da 1151 tazara, don haka maɗaurin wancan ba ya hawa wannan. Kada ka tilasta, kada ka yi dabarar ɗauri da waya.

Masu amfani da gwanjon kwamfutocin ofis, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, su lura cewa da yawa daga cikinsu bakin wayar fankarsu na kamfanin ne kaɗai, fankar kasuwa ba ta shiga. Game da na'urar sanyaya furosesa da ruwa, ba na ba mai koyo shawarar sa ta a ƙaramin akwati a nan. Famfonta na mutuwa ba sallama, ruwan na raguwa da shekaru, kuma samun madadi nan kusa ba abu ne mai sauƙi ba.

Mataki na 5: Sabon mai da ɗauri mai kyau

In za ka cire tsohon hitsink, ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki tukuna don man ya yi laushi, sannan ka raba ta da wuta kamar a mataki na 2. Bayan ka kwance, ka murɗa shi a hankali hagu da dama kafin ka ɗaga. A allunan AM4 na AMD, busasshen mai kan manne har ya fizgo furosesar daga mazauninta, ƙafafunta su lanƙwashe. A na Intel kuwa ƙafafun suna jikin madabod ne, kada tsumma ko yatsa ya kusance su.

Goge tsohon man daga ɓangarorin biyu da tsumma da ɗan sifirit, ka bari ya bushe sarai. In hitsink ɗin sabo ne, juya shi ka duba gindinsa. Akwai siririyar leda da kamfani ke mannawa, kuma barinta a jiki na daga cikin kurakuran da suka fi yawa. Kwamfutar za ta tashi lafiya, amma zafi ba zai ratsa ledar ba.

Ɗiga man a tsakiyar furosesa, kamar girman ƙwayar wake ƙarama. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafan biyu, domin iskar da ke maƙalewa a ramukan ba ta ɗaukar zafi. Ƙarfe da ƙarfe sun fi mai iya miƙa wa juna zafi, saboda haka lafta shi da kauri ba ya ƙara komai. Man goge baki da giris da basilin ba sa maye gurbinsa. Na goge baki ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan zai bushe ya zama alli.

Ɗora hitsink sau ɗaya, kada ka ɗaga don ka leƙa. Ɗaure sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan: na sama hagu, na ƙasa dama, na sama dama, na ƙasa hagu, kana zagayawa har su tsaya. In ka ƙulle ɗaya tamau kafin sauran, ƙarfen zai karkace, man ya gudu gefe guda. Hitsink ɗin da ke zuwa da furosesar Intel ƙafafun roba huɗu gare shi. Kibiyar da ke kansu hanyar cirewa take nunawa, don haka kafin ka danna ka juya su saɓanin kibiyar, ka danna biyu-biyu a gicciye har ka ji ƙas, sannan ka leƙa bayan allo ka tabbatar duk huɗun sun fito. A ƙarshe sa wayar fankar a inda aka rubuta CPU_FAN.

Mataki na 6: Buɗe wa iska hanya

A nan ne aikin ƙaramin akwati yake. Kowace fanka tana da gaba da baya. Iska na shiga ta buɗaɗɗen ɓangaren, ta fita ta ɓangaren da ke da sanduna da takardar kamfani. Wasu suna da kibiya a gefe. In kana shakka, kusanto da 'yar takarda mai laushi ka ga ko za a ja ta ko za a ture ta. Sau da yawa za ka tarar da fanka uku a akwati duk suna turawa ciki, ko duk suna fitarwa, ko biyu suna fuskantar juna suna kokawa.

Abin da ake so shi ne iska ta shigo ta gefe guda, ta bi ta kan furosesa da katin hoto, ta fice ta wani gefen. Yawanci shiga ta gaba ko ta ƙasa ko ta gefe, fita ta baya ko ta sama. A ƙasar ƙura irin tamu ina son masu shigarwa su ɗan fi masu fitarwa ƙarfi. Idan iskar da ke ciki ta ɗan yi yawa, ta kowace ɓaraka waje take neman fita, ƙura ba ta samun shiga sai ta inda ka sa raga. Idan masu fitarwa suka rinjaya, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta kowane rami, har ta bakin USB.

Gajeren hitsink yana da wata matsala tasa. Fankarsa ƙasa take hurawa, iskar ta bugi madabod ta watsu, sannan ta dawo sama fankar ta sake zuƙar ta da zafinta. Maganinta biyu ne. Ka tabbatar akwai ramukan iska a murfin da ke saitin fankar. Sannan ka yanko soso ko kwali mai kauri ka yi ɗan zobe da zai haɗe bakin fankar da ramukan murfin, yadda ba abin da za ta shaƙa sai iskar waje. Zoben kada ya taɓa fukafukan fanka ko wani abu mai zafi a kan allo. Wannan dabara ba ta cin ko sisi, kuma a matsattsen akwati sau da yawa ta fi sayen sabuwar fanka amfani. Amma dole a samu fanka ko da ɗaya ce mai fitar da iskar da ta ɗumama, in ba haka ba ram da SSD za su sha wahala. SSD irin NVMe ma takan rage gudu idan ta haura wajen digiri 70.

In wuri ya ba ka dama, fanka mai milimita 120 ta fi mai 80, don tana tura iska da yawa ba hayaniya. Mai waya huɗu ta fi mai uku, don madabod na iya sarrafa gudunta daidai. Fanka mai arha da gindinta ke gudana a kan mai kaɗai saurin bushewa take a zafi, musamman in an kwantar da ita. Mai boris ta fi jurewa. Ka juya fawa-fak yadda fankarsa za ta shaƙi iskar waje, in akwatin yana da ramin hakan. Sannan ka tattara wayoyi ka ɗaure su a gefe, kada ka bar tulinsu a gaban fanka.

Mataki na 7: Sa raga a mashigar iska kaɗai

Raga a bakin shiga ake sa ta, ta waje, inda za ka iya cirewa ka wanke ba tare da ka kwance komai ba. Sa ta a mafita toshe wa kai hanya ne. Ragar taga ta roba na tare gashi da zare da ƙwari, amma ƙurar hunturu na ratsa ta. Mai ƙananan idanu ta fi tarewa, sai dai tana rage iska. Kowace ka zaɓa, in ba za ka riƙa kakkaɓe ta ba gara babu ita, domin ragar da ta toshe ta fi ƙurar kanta illa.

Mataki na 8: Rage wa furosesa wuta

Samari ba sa son jin wannan, gani suke an rage musu abin da suka biya. Amma ɗan gudun ƙarshe da furosesa ke ƙarawa shi ne mafi cin wuta, kuma furosesar da aka ɗan ja wa linzami tana aiki daram ta fi wadda ke zabura ta ƙone ta ja baya. Shiga BIOS. A allunan AMD da yawa akwai Eco Mode, wanda ke mai da mai wat 105 ta yi aiki kamar mai 65. A na Intel ka nemi PL1 da PL2, wato iyakokin wutar da furosesa ke ja, ka sauke su zuwa abin da hitsink ɗinka zai iya ɗauka, misali 65 da 80. In BIOS ɗinka ba ya ba da wannan dama, akwai wurin saita wuta a Windows inda ake rage iyakar gudun furosesa daga kashi 100 zuwa 99, wanda a kwamfutoci da yawa ke hana ta zabura. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, ka rubuta. Lambobin boltej kuwa ka bar su sai hannunka ya faɗa.

Tun da kana cikin BIOS, gyara gudun fanka. Saitin kamfani shiru yake nema, mu kuwa sanyi muke nema. Ka sa ta fara ƙara gudu da wuri, ta kai ƙarshenta wajen digiri 75 zuwa 80. Mai aiki da sola ko janareta zai ga wani amfanin: batir zai ƙara jimawa, mai zai ƙara auki.

Mataki na 9: Zaɓa mata mazauni

Ɗaga ta daga ƙasa, don a nan ƙura ta fi yawa. Kada ka sa ta cikin durowar tebur mai murfi, kada ka manna bayanta da bango. Bar mata aƙalla faɗin tafin hannu ta kowane gefen da ke da ramuka. Nesanta ta da taga mai shigo da rana, da firinta ko injin fotokofi, da inbata da batura, da hayaƙin janareta mai barin baƙin maiƙo a kan fanka. Rufe ta da ƙyalle don ƙura abu ne mai kyau idan tana kashe, amma a yaye shi gaba ɗaya kafin a kunna. Kada ka ajiye ƙanƙara a gabanta ko ka saita mata fanka mai fesa ruwa. In ɗakin ba ya shan iska, fankar tsaye da buɗe taga za su rage zafin da kwamfutar da kanta ke tarawa. Aiki mai nauyi kamar fitar da bidiyo, in da hali, a bar shi sai dare ko da sassafe. Wutar da ta zo da rauni ma na ƙara wa fawa-fak zafi, saboda haka sitabilaiza tana da rana.

Mataki na 10: Sake aunawa

Rufe murfi, ka maimaita gwajin farko a irin lokacin da ka yi shi. A tsakiyar bazara, in tana cikin aiki mai nauyi ta tsaya ƙasa da digiri 85 ba ta rage gudu ba, aikinka ya yi. In har yanzu tana taɓa 95, koma mataki na 5 ka ɗaga hitsink ka dubi yadda man ya bazu; in gefe guda ya taru, ɗaurin ne ya karkace. Wanda aka haɗa wa a Gusau zai tafi da ita Tsafe ko Bungudu, ya kwantar da akwatin yadda madabod zai kasance a ƙasa, hitsink a samansa, ya kuma sake aunawa da ya isa, don girgizar hanya, balle a bayan babur, kan sassauta ƙafafun roban nan. Raga a kakkaɓe ta duk mako a hunturu. Cikin akwati a hure shi a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama, a kuma hurewa kafin ruwan farko ya sauka. Mai kuwa in na kirki ne yakan kai shekara biyu zuwa uku, sai in awo ya nuna zafi na hawa alhali babu ƙura.